Kwana goma sha biyu a Buenos Aires: tsohuwar tango da sabuwa a fili ɗaya

Daga Abuja na tashi a tsakiyar watan Agusta zuwa Buenos Aires, babban birnin Ajantina, don ganin rawar tango, bayan na karɓi biza a ofishin jakadancin Ajantina, na kuma cusa katin allurar shawara cikin fasfo. Hanyar tana da ban haushi: jirgin Habasha zai yi gabas da kai kusan awa biyar zuwa Addis Ababa, ka canza jirgi, sannan ka juyo yamma ka sake ratsa Afirkar da ka baro, ka tsallake teku, awa goma sha biyu kafin a yada zango a Sao Paulo ta Barazil. Daga nan saura awa uku zuwa filin jirgin Ezeiza. A wurin duba fasfo adireshin masauki da tikitin komawa suka tambaye ni. Bayan nan ana saka kaya a na'ura, kuma ba a shiga ƙasar da nama kowane iri, don haka mai niyyar riƙo kilishi ko dambun nama ya cinye abinsa a hanya.

Agogonsu yana bayan namu da awa huɗu, kuma Agusta tsakiyar sanyinsu ne. Sanyin ba irin hunturunmu mai busar da leɓe ba ne, mai laima ne, yana shiga ƙashi. Daga Ezeiza zuwa cikin gari kilomita talatin da 'yan kai ne, na hau bas ɗin filin jirgi. Ɗaki na kama a unguwar Almagro, gidan wata dattijuwa da ke saukar da masu zuwa koyon rawa, dala talatin a kwana, madafa ta kowa da kowa. Lissafina duk da dala zan ba da shi, domin farashin peso ba ya kwana inda ya wuni. A titin Florida za ka ji 'yan canji na kiran "kambiyo, kambiyo" kamar kana Wapa. Abu na farko da baƙo zai saya shi ne katin SUBE, wanda ake shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi.

Abinci sai an lura. Naman shanu ya yi musu yawa, amma tsiren hanjin da suke sa wa a burodi, choripan, akwai alade a ciki, kuma yankakken naman alade na ɓuya a cikin empanada, wato fulawa mai nama a ciki, da sanwici ba tare da an faɗa maka ba. Na fi rayuwa a kan kifi, ƙwai, taliya da fiza mai albasa da cuku. Ba sa cin abincin dare sai tara ko goma, wanda ya shiga gidan abinci ƙarfe bakwai zai tarar ana shara.

Ranar farko na yi abin da kowane baƙo ke yi, na je Caminito a La Boca, inda gidajen kwano masu launi suke. A ƙofar kowane gidan abinci akwai namiji da hular malafa, da mace da tsagaggen siket, tana naɗe ƙafa a cinyarsa, ana ɗaukar hoto ana biya. Da dare akwai manyan gidajen wasa da ke haɗa abinci da kallo a kan dala ɗari ko fiye. Wannan ita ce tango ta dandamali: an tsara kowane taku, an maimaita shi sau ɗari, ana ɗaga mace sama ana wurga ƙafa. Gwaninta ce ta gaske, amma wanda ya tsaya nan ya koma gida kamar wanda ya kalli hawan sallah a talabijin ne ya ce ya san doki.

Tangon mutanen gari a milonga take, wato taron rawa na dare. Tango ta tsiro ne a ƙarshen ƙarni na 19 a gaɓar kogin Rio de la Plata, tsakanin Buenos Aires da Montevideo ta Urugwai, a unguwannin talakawa inda baƙin haure daga Italiya da Sifen suka cakuɗu da jikokin bayin da aka kawo daga Afirka. Kiɗan gangunan baƙaƙen fata, candombe, yana cikin jijiyoyinta, kuma tun kafin rawar ta samu suna, ana kiran wuraren taruwar baƙaƙen fata da "tango". Unguwar Monserrat har laƙabin unguwar ganga gare ta. Yau galibi babu ganga a ƙungiyar kiɗan tango. Akwai gogen Turawa, fiyano, babban goge mai tsayin mutum, da bandoneon, wani akwati mai zugazugi irin na maƙera wanda aka ƙirƙira a Jamus, maɓallansa 71, kowanne da sautin da yake bayarwa in an buɗe da wani daban in an matse. A 2009 UNESCO ta sa tango cikin gadon al'adun duniya da sunan ƙasashen biyu.

A dare na uku na hau benen El Beso, a titin Riobamba kusa da Corrientes. Kuɗin shiga bai kai dala goma ba. Ɗaki ne ƙarami, da ginshiƙi a cikin filin rawar. Mai taron ce ke zaunar da kai, ba kai ke zaɓar kujera ba: mata a jere a bango ɗaya, maza a ɗaya bangon suna fuskantarsu, waɗanda suka zo bibbiyu a wani gefe. Ɗan Arewa ba zai ga baƙon abu a wannan zaman ba, haka muke zama a wajen biki.

Kiɗan yana zuwa ƙulli-ƙulli. Kowane ƙulli, tanda, waƙa huɗu ne na ƙungiya ɗaya kuma na zamani ɗaya, kowace waƙa kusan minti uku. In tanda ta ƙare sai a saka ɗan guntun wani kiɗa da ba tango ba, cortina, wato labule, kowa ya watse ya koma kujerarsa. Jerin ma sananne ne: tanda biyu na tango, ɗaya ta vals mai bugu uku-uku, biyu na tango, ɗaya ta wani kiɗa mai sauri da shi ma ake kira milonga, sannan a sake. Na vals da milonga galibi waƙa uku-uku ne. Kusan duk faifan na tsakanin 1935 da 1955 ne, shekarun da suke kira na zinariya. Juan D'Arienzo bugunsa a tsinke yake, yana tsikarar ƙafa. Carlos Di Sarli a shimfiɗe, ya dace da doguwar tafiya. Aníbal Troilo yana wasa tsakanin mawaƙi da makaɗa. Osvaldo Pugliese yana ja yana saki, shi ya sa ake ajiye shi sai dare ya tsala. Gwani ba ya neman abokiyar rawa sai ya ji wace ƙungiya aka saka, domin wadda ta dace da D'Arienzo ba lallai ta dace da Pugliese ba.

Neman kuwa da ido ake yi. Mace ta kalli wanda take so, in idonsu ya haɗu ya ɗan sunkuyar da kai, ita ma ta amsa da kai. Sunansa cabeceo. In ba ta so, sai ta kawar da kai kamar ba ta gani ba, babu wanda ya ji kunya, babu wanda ya sani. Ba ta tashi sai ya zo gabanta ya tsaya, domin sau da yawa ta bayanta aka yi wa alamar. Na ga wani baƙo ya taka har teburin wata ya miƙa hannu. Ta ce masa a'a a hankali, ya juya ya ratsa ɗakin duka kowa na kallonsa. Wannan ratsawar ce cabeceo ya zo ya hana. In an fara tanda ana gama ta tare. Wanda ya ce "gracias", wato na gode, a tsakiya, nufinsa ya isa haka, kuma magana ce mai nauyi.

Filin kansa shataletale ne. Ana zagayawa saɓanin hannun agogo, kamar yadda motoci ke zaga shataletale a titunanmu, a layi biyu, na waje da na ciki. Gwanaye suna layin waje, 'yan koyo na tsakiya. Ba a wuce na gaba, ba a tsalle daga layi zuwa layi, ba a yin taku baya inda ba ka gani, kuma mai shigowa sai ya haɗa ido da namijin da ke tahowa ya ba shi hanya. A daren nan abin da kowane biyu suka samu bai fi faɗin tabarmar mutum ɗaya ba. A cikin wannan ɗan wurin ake komai. Ƙirji na manne da ƙirji, kowa ya ɗan jingino gaba kaɗan ta yadda ƙafafu ke da sarari a ƙasa, taku gajere, ƙafar mace ba ta barin daɓe. Abin da suka fi yi shi ne ocho cortado: a kai mace gefe kamar za a juya, a katse, a dawo da ita ta harɗe ƙafar hagu a gaban dama. Ba ya cin wuri, kuma ana iya yin sa sau ashirin a waƙa ɗaya ba a maimaita lokacinsa ba. Wani dattijo da aka zaunar kusa da ni, mai kwat da ƙamshin turare, ya ga ina rubutu a ɗan littafi. Da guntun Sifaniyancina na gane yana ce mini in daina kallon ƙafa, in kalli tazarar da ke tsakanin kowane biyu da na gabansu. Na kalla. Tazarar ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, ɗakin duka yana juyawa kamar dutsen niƙa.

Wannan salon shi ake kira milonguero, kuma yana da kyau a sani cewa sunan ba tsoho ba ne: a shekarun 1990 malama Susana Miller ta yaɗa shi, tana koyar da yadda tsofaffin tsakiyar gari ke rawa a cunkoso. Ranar Asabar na je Sunderland a unguwar Villa Urquiza, tafiyar kusan awa a bas. Kulob ɗin unguwa ne, filin ƙwallon kwando da zanensa a ƙasa, an jera tebura iyalai na cin abinci. Nan ma gargajiya ce, amma wata iri: fili ya wadata, don haka jiki a miƙe, taku dogo, riƙon yana ɗan sassautawa lokacin juyi sannan ya rufe, namiji na zana da'ira da tsinin takalmi. Tun a da kowace unguwa da takunta. Wanda ya ce maka ga "asalin tango" guda ɗaya, tambaye shi ta wace unguwa.

Da rana ina zuwa aji, dala takwas zuwa goma na awa ɗaya da rabi. Malami na kai kaɗai yana kai dala hamsin ko sama a awa. Mai karatu zai tambaya, kuma da gaskiyarsa, yaya ɗan Musulmi da rungumar matar da ba tasa ba. Ni da namiji na yi atisaye, kuma ba sabon abu na kawo musu ba: a shekarun zinariya samari a tsakaninsu suke koyo, sabon shiga ya daɗe yana taka rawar mace kafin a bar shi ya ja wani, sai ya ƙware yake zuwa milonga. Wanda ya taɓa zama mai bi ya san zafin a fizge shi da hannu.

Abin da ake koyarwa a makon farko tafiya ce kawai. Nauyi duka a ƙafa ɗaya, ɗayar sake take. Ƙirji ne ke fara motsi, ƙafa ta biyo. Mai bi tana miƙa ƙafa baya tun daga ƙugu, ba daga gwiwa ba, in ba haka ba gwiwoyi su yi karo. Kurakuran da na gani kullum guda ne. Mai ja ya kalli ƙasa, kansa ya rinjayi gaba, nauyinsa ya faɗa kan abokiyarsa. Ko ya tura da hannun hagu maimakon ya juya ƙirji, sai kafaɗarta ta tafi ƙugunta bai bi ba. Ko ya taka kafin ta gama sauke nauyi, ya taka mata yatsa. Juyi kuwa yana buƙatar ƙirji ya fuskanci abokin rawa yayin da ƙugu ke kallon wani wajen, sannan a murza a kan tudun tafin ƙafa. Saboda murzar nan takalmi sai mai ƙasan fata. Mai ƙasan roba yana kama daɓe, ƙafa ta tsaya jiki ya juya, gwiwa ce ke biyan bashin. Na mata dunduniyarsa santimita bakwai zuwa tara ce. Akwai kuma wani tsari mai taku takwas da ake koya wa baƙi, wanda mace ke harɗe ƙafa a taku na biyar. Aibinsa yana farawa da taku baya, daidai abin da aka hana a milonga. Wanda ya haddace shi ya shiga fili da shi, a takun farko zai hau kan na bayansa.

Ranar Juma'a na yi salla a cibiyar Sarki Fahad da ke unguwar Palermo, wadda aka buɗe a 2000, masallaci mafi girma a Latin Amurka. A sahu na haɗu da 'yan Senegal, waɗanda da yawansu ke tallar tabarau da agogo a unguwar Once. Ɗaya daga cikinsu ya kira ni ɗan'uwa, ya kwatanta mini inda ake samun naman yanka, ya yi dariya da ya ji abin da ya kawo ni.

Sabuwar tango a Palermon nan na same ta. Don a gane ta sai an koma baya kaɗan. Bayan sojoji sun kifar da shugaban ƙasa Perón a 1955, tarukan rawa suka yi ta mutuwa, samari suka koma kiɗan rok, kusan shekara talatin babu sabbin masu koyo. Astor Piazzolla, wanda ya yi karatu a Faris wajen malamar kiɗa Nadia Boulanger, ya dawo da kiɗan da ya kira sabuwar tango, na saurare ba na rawa ba, tsofaffi suka ce ya kashe musu abu. Sai a 1983, shekarar da mulkin farar hula ya dawo, wasan dandamali mai suna Tango Argentino ya buɗe a Faris ya girgiza duniya, baƙi suka fara tururuwa suna neman malamai. Tsofaffin da suka rage sun iya rawa amma ba su iya bayani ba, iyakarsu "yi kamar yadda na yi". A shekarun 1990 Gustavo Naveira da Fabián Salas, daga baya da Mariano Frúmboli da ake kira Chicho, suka zauna suka warware rawar kamar makanike da inji. Suka nuna cewa taku iri uku ne kawai tsakanin mutum biyu: buɗaɗɗe, harɗe ta gaba, harɗe ta baya. Cewa juyin mace a kewayen namiji jeri ne: gaba, gefe, baya, gefe. Cewa ana iya tafiya ƙafa da kishiyarta kamar madubi, ko ƙafa da takwararta a saɓe. Da aka gane haka, sai tambaya ta zo: abin da ake yi ta dama me zai hana a yi ta hagu, abin da namiji ke yi me zai hana mace ta yi?

A wani ɗakin atisaye na ga amsar. Babu kwat, babu jeren maza da mata, wando jins da takalmi shafaffe, kowa na tambayar kowa da baki, mace na ja namiji na bi, a tsakiyar waƙa su musanya. Kiɗan wani lokaci na ƙungiyar Gotan Project ne ko Bajofondo, bandoneon a kan bugun na'ura, wani lokaci ma ba tango ba ne sam. Riƙon kamar roba, ya buɗe har tsawon hannu ya dawo. Abubuwa biyu suka fi ɗaukar ido. Colgada: su haɗa ƙafafu wuri ɗaya, kowa ya zauna baya kamar kan kujerar da babu, nauyin wannan ya riƙe wancan, su juya. In ɗaya ya lanƙwasa baya maimakon ya kai ƙugu baya, ko ya ja da damtse, dukansu za su zube. Volcada kishiyarta ce: namiji ya ja baya kaɗan, mace ta jingino kansa a miƙe kamar tsani a bango, sakakkiyar ƙafarta ta zana baka a ƙasa. In ta saki cikinta, ƙugunta ya lotsa, ciwon baya ne ya same ta. In shi ya fara kafin nauyinta ya gama hawa ƙafa ɗaya, ba ta da abin yi sai ta taka ta ceci kanta.

Duk waɗannan suna son fili. A wata milonga mai cunkoso na ga wani saurayi ya sa abokiyarsa ta wurga ƙafa baya sama, abin da suke kira boleo. Tsinin dunduniyarta ya yanki ƙaurin wata mata da ke bayansu, jini ya ɓata safa. Aka tsaya, ya bi ta har kujera yana ba da haƙuri, amma sauran daren duk inda ya kai ido sai ya tarar an kawar da kai. Boleo ba sabon abu ba ne, tsofaffi ma suna yi, sai dai a cunkoso ƙafar ba ta barin ƙasa. A ganina nan ne rigimar gargajiya da zamani take zaune, ba a shekaru ko tufafi ba. Abin da tsofaffi ke karewa ladabin raba ɗan wuri ne da mutum ɗari. Abin da samarin 1990 suka kawo sanin yadda jiki biyu ke aiki ne. Malamin da ya fi kowa kushe sabuwar tango a cikin waɗanda na zauna ajinsu, da kalmomin su Naveira yake koyar da juyi, gaba, gefe, baya, gefe, bai kuma ga wani abu a ciki ba.

La Viruta, a ƙarƙashin ginin ƙungiyar Armeniyawa da ke titin Armenia, ita ce mahaɗa. Da farkon dare azuzuwa ne da 'yan koyo, har da rok da salsa. Wajen ƙarfe uku, in sauran wurare sun tashi, sai gwanaye su gangaro, na kwat da na jins, gab da asuba a fito da burodin medialuna da kofi. A nan na ga wasu biyu da na gani suna colgada da rana, yanzu a manne, taku gajere, suna bin layi kamar kowa.

Zuwana ya dace da gasar duniya da birnin ke shiryawa kowace shekara tun 2003, galibi a Agusta. Kashi biyu ce: ta dandamali da ta fili. A ta fili ana sako ma'aurata rawa kusan goma a lokaci ɗaya, a saka musu waƙa uku da ba su zaɓa ba, ba a sakin riƙo, ba a ɗaga kowa sama, ana zagayawa kamar a milonga. An yi ta ne don kare gargajiya, amma bayan zagaye biyar na kasa bambanta su: kwat iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya, dogon takun Villa Urquiza iri ɗaya, domin kowa ya san abin da alƙalai ke so. Dattijon El Beso, da ɗan tuntuɓen takunsa da kafaɗarsa ɗaya da ta fi ɗaya tsawo, ba zai wuce zagayen farko ba.

Daren ƙarshe, Lahadi, na je La Glorieta a lambun Barrancas de Belgrano, wata rumfa mai zagaye a sarari, ba kuɗin shiga sai abin da ka jefa a hula. Sanyi ya sa mutane na rawa da manyan riguna, jakunkuna a rataye a jikin ƙarfen rumfar. Daɓen tayil ne, ya fi katako cin gwiwa. Da mai saka faifai ya sako La Cumparsita, ta Gerardo Matos Rodríguez ɗan Urugwai, kowa ya san an zo ƙarshe, don da ita ake rufe taro. Aka canza takalma a kan matakala, na bi bas na koma Almagro na haɗa kaya. A jakar akwai takalmi mai ƙasan fata da na saya dala ɗari da ashirin, da ƙoƙon shan mate, wato shayinsu, da dattijuwar gidan ta ba ni. Washegari da dare jirgi ya tashi daga Ezeiza, Sao Paulo, Addis Ababa, sannan Abuja, inda na sauka cikin ruwan Agusta da rigar sanyi a hannu.